Shekarar da Na Kashe Kulu a Littafi

Da Baba ya ji wai ina rubuta tarihin rayuwata, dariya ya yi har sai da ya dafe hularsa. Ya ce wanda bai gama sakandare ba ba shi da tarihi, sai dai rahoton ɓarna. Na yarda shekaruna goma sha bakwai ne kacal, amma in aka tara ɓarnar da na yi a cikinsu, ta ishi tsohuwa mai shekara tamanin ta ba jikokinta labari har su ma su yi furfura. Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ƙannena ne, Sadiya da Ummi, na ji suna gaya wa ƙawayensu wai tausayi ne ya sa yayarsu Luba ta fara rubuta labarin masu ciwo. To ku buɗe kunne, ku biyun, don lokacin da abin ya faru hankalinku yana kan alawa. Tausayi shi ne ya kusa raba ni da Kulu. Da na bi shi har inda yake ja na, da yau tana Ƙonni, ko sallamata ba ta amsawa.

Kulu 'yar Gwaggo Rabi ce, ƙanwar Baba, wadda take aure a Ƙonni. Daga ƙofar gidanmu a Illela zuwa ƙofar gidansu, mai kabu-kabu ba ya ko gama ba ka labarin tsadar mai kun iso, amma ƙasa biyu ce, kuɗi biyu, boko biyu. Tana da shekara bakwai aka kawo ta gidanmu riƙo don ta yi makaranta a wannan ɓangaren. Ta sauka da akwatin ƙarfe da baki cike da Faransanci, biro ma bik take ce masa. Mu taubasai ne, ni 'yar namiji, ita 'yar mace, saboda haka tun kafin ta ajiye akwatin na sanar da ita cewa baiwata ce, gobe da safe ta fara da wanke mini takalma. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ita ba ta taɓa ganin uwargijiya mai majina har baki ba. Tun daga ranar ba mu sake zaman lafiya ba, kuma ba mu sake rabuwa ba. Na taɓa ɗauko kwaɗo tun daga tafkin Kalmalo, ranar da muka raka Baba gonar albasa, na ajiye shi kwana biyu a gwangwani don kawai in saka mata a jakar makaranta. Ita kuma ta ɗinke mini fuskar hijabi da zare baƙi, na zura kai ina sauri, na yi ta lalube a tsakar gida kamar akuyar da ta sa kai a tulu. Babu wanda ya taɓa raba mu. In na kai ƙara, Inna takan ce ita ba ta shiga tsakanin taubasai, in je in rama.

Kulu tana da sikila. A gidanmu ba a faɗin sunan, sai dai a ce ciwon nan nata, ko a ce sanyi ne ya kama ta. Yakan tashi sau biyu ko uku a shekara, musamman in ruwa ya dake ta ko ta ƙi shan ruwa, a kai ta asibiti a yi mata ƙarin ruwa, wani lokaci har da jini, ta dawo idanunta rawaya. Ko a lokacin ban taɓa raga mata ba. Nakan leƙa in ce baiwa ta sake ƙirƙiro dabarar gudun shara, ita kuma ta jefo ni da duk abin da hannunta ya kai gare shi. Da ƙarfin jifan nake gane yadda jikin yake. In takalmi ya same ni a ƙeya, na san gobe za ta tashi.

Daminar da muke aji huɗu na sakandare, ciwon ya tashi ya ƙi kwanciya. Daga asibitin garinmu aka tura su Sakkwato, suka yi mako biyar. Da ta dawo, da sandar ƙarfe ta dawo, irin wadda ake saƙalawa a hannu. Likita ya ce ƙashin ƙugunta na hagu ya cinye, tafiyar makaranta ta fi ƙarfinta, kuma nan gaba sai an yi mata aiki. Gidanmu, wanda in kana bakin kasuwa kana jin hayaniyarsa, ya koma kamar masallaci bayan an watse. Har zakaranmu ya rage murya. 'Yan dubiya kuwa suka yi ta zuwa kamar ana rabon taki, kowace da kwanon kunu da nata maganin. Wannan ta ce nonon raƙumi, waccan ta ce akwai wani sassaƙe a ƙauyen Lafani da ya tayar da gurgu ya shiga tsere. Kowace ta ce ya jiki, Kulu ta ce da sauƙi. In da ana tara sauƙin nan a buhu, da Baba ya bar albasa ya koma fataucinsa.

Ranar da suka dawo da yamma, na wasa bakina tsaf, na shirya abin da zan ce game da sandar, sai Iya ta kira ni ɗakinta. Iya ita ce kakarmu, uwar Baba da Gwaggo, kuma a gidan nan in ta ce rana ta faɗi, sai kowa ya kunna fitila. Ita kanta gwanar tsokanar jikoki ce, amma ranar fuskarta babu wasa.

“Lubabatu, wasan nan naku ya ƙare. Ba a tsokanar wanda Allah ya jarraba. In taz zo ta tahi da maganarki cikin rai, ina za ki gan ta ki nemi gafara?”

Daga baya Inna ta gaya mini dalili. Iya ta taɓa haihuwar wani ɗa tsakanin Baba da Gwaggo, mai irin wannan ciwon, a zamanin da babu wanda ya san sunansa. Wata safiya ta ce masa ya tashi ya bar lalaci, kafin la'asar ya rasu. Shekara arba'in ke nan maganar tana cin ta. Ni dai a ranar ban yi wa Iya musu ba. Na shiga ɗakinmu, na durƙusa a gaban katifar Kulu kamar mai gaida surukai, na sassauta murya na ce sannu Kulu, ya jiki, Allah ya ba ki lafiya. Ta dube ni kamar na mare ta. Sannan ta ce da sauƙi, ta juya fuska bango. Ni a wautata na ɗauka gajiyar mota ce.

Baki irin nawa in aka ɗaure shi, dole abin ya nemi wata ƙofa. Dama ni mayyar karatun labarai ce a wayar Inna, irin waɗanda ake turowa shafi-shafi a guruf. A cikinsu na lura in yarinya tana ciwo, to kyakkyawa ce ta ƙin ƙarawa, ba ta fushi, ba ta kwaɗayi, ba ta ko zuwa bayan gida. Aikinta ta yi murmushi, ta yi wa kowa nasiha, ta yafe wa maƙiyanta, sannan ta rasu ranar Juma'a ana yayyafi. Na ce ai wannan ni ma zan iya. Na yage shafukan farko na littafin lissafina, wanda dama ba ya cikin hatsarin cika, na rubuta labarin wata Nabila mai ciwon ƙashi da sandar ƙarfe, wadda aka kawo riƙo daga wata ƙasa. Na ba ta gashi har gadon baya da haƙurin da ko dutse ba shi da shi. Na ba ta 'yar'uwa mai kirki da ke durƙusawa kullum tana mata sannu. A shafi na talatin da shida na kashe ta, ranar Juma'a, ana yayyafi. Ni kaina sai da na yi kuka, na kuma ji daɗin kukan, na ce lallai na iya.

Littafin ya zaga ajinmu cikin kwana huɗu. 'Yan mata suka yi ta kuka a ƙarƙashin benci, har malamin Turanci ya ɗauka darasinsa ne ya fara ratsa zukata. Hawayen da aka zubar a kan shafi na talatin da shida ya sa tawadar ta narke, sai da na sake bin ta da biro sau biyu. Aka fara kira na marubuciya. Kaina ya kumbura har ina shiga ƙofar aji a karkace. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa duk wadda ta karanta ta san wace ce Nabila ba. A Illela 'yan mata nawa ne aka kawo riƙo daga Ƙonni suke dogara sandar ƙarfe?

Ranar wata Talata bayan an tashi, su goma sha ɗaya suka biyo ni gida dubiya. Suka cika ɗakin, suka zauna. Kallonta kawai suke yi suna jan hanci. Kulu ta yi ƙoƙarin tambayar labarin makaranta, wa aka daka, wa ya faɗi jarrabawa, babu wadda ta amsa da abin kirki. Can sai Balki, wadda suka taɓa faɗa a kan kujerar gaba tun muna aji biyu, ta rarrafo ta kama hannunta ta ce don Allah ta yafe mata duniya da lahira. Sauran suka fashe da kuka gaba ɗaya. Da za su tafi, wata ta manta littafin a kan tabarma. Ni ina can zaure ina raka su, ina karɓar yabo.

Da na dawo na same ta zaune ta jingina da bango, littafin a buɗe a cinyarta. Karatu take yi da sauri, haka take tun muna yara. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta yi kuka ta rungume ni. Sai da ta kai ƙarshe, ta rufe, ta ɗago.

“Luba, wace Juma'a kinka zaɓa min? In sani, in yi kitso.”

Na fara cewa ai ba ita ba ce, labari ne kawai. Ta ce in rufe mata baki. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun ranar da na durƙusa na yi mata sannu ta san an gama. Ta ce 'yan dubiya ba su dame ta ba, aikinsu ke nan, Iya ma tsufa ne. Amma da ta ga ni, Luba, wadda ko ranar da aka yi mata ƙarin jini leda biyu sai da na ce an cika ta kamar tayar kurar 'yan ga-ruwa, na zo ina sassauta murya, sai ta tabbata likita ya gaya musu wani abu a bayan ƙofa an ɓoye mata. Mako uku ke nan, in ji ta, tana kwance tana jira. Duk safiyar da ta farka sai ta yi mamaki.

“Wagga yarinya da kinka rubuta, ban san ta ba. Ba ta zagi, ba ta jin yunwa, ba ta jin tsoro. Shekara tara muna kwana ɗaki guda, wannan kinka gani? Ciwo bai kashe ni ba, ku kun riga kun yi min sallah.”

Sannan ta ce ta riga ta yanke shawara. Ranar Lahadi in Gwaggo ta zo cin kasuwa, za ta bi ta Ƙonni, kuma ba dawowa. Can ko ba komai ƙannenta ba su da hankalin da za su tausaya mata. Ta jefo mini littafin. Ko ƙafata bai kai ba.

Kwana huɗu suka rage mini. Na fara da abin da kowa zai fara da shi, na ba ta haƙuri, sai ya ƙara ɓata lamarin, don haƙurin ma da muryar 'yan dubiya ya fito. Na gwada tsokana a ɓoye, na ce mata baiwa, ya fito a sanyaye kamar tuwon jiya, ko kallona ba ta yi ba. Ta sa Sadiya ta sauko mata da akwatin ƙarfen nan daga saman kwaba, ta fara ninke kaya. Ranar Alhamis ba makarantar allo, na zauna a bayan rumbun albasa na yi wa kaina faɗa. Na ce Luba, da biro kika yi ɓarnar nan, da biro za ki gyara ta, kuma a gaban mutane kika kashe ta, ba za ki tayar da ita a ɓoye ba. Na cusa Nabila a murhu, ta dafa mana ruwan shayi, wannan ne amfani na farko da ta yi a duniya. Na ɗauko littafin kimiyya, shi ma yana da fili.

Da na zauna rubuta yarinya ta gaskiya, sai hannuna ya riƙa gudu. Na san inda Kulu take ɓoye ƙwayoyin maganinta in ta gaji da su. Na san ruwan da ake auna mata kullum a jarka rabinsa tunkiyar Iya ke shanyewa ta taga. Na san tana yin barcin ƙarya in ta ji sallamar wata maƙwabciyarmu mai warin tafarnuwa. Duk na zuba. Amma da na zo wurin da ciwon zai tashi, sai biro ya tsaya. Shekara tara ina kwana kusa da ita, na san kalar idonta, na san yadda take cije filo, amma ban taɓa tambayar ta yaya abin yake ba. Babu wanda ya taɓa. Mu dai mu ce ya jiki, a ce mana da sauƙi, mu tashi da nauyinmu a sauke. Na rasa abin rubutawa, sai na ƙirƙira, na ce kamar wuta ce ke cin ƙashinta. Na ga ya yi daɗin karantawa.

Lahadi bayan azahar Gwaggo ta iso da kayan cefanenta. Ana zaune a rumfar tsakar gida: Iya a kan tabarmarta, Inna tana tsince wake, Gwaggo tana shan fura, ga maƙwabta biyu da suka shigo dubiya, ɗaya daga cikinsu bakinta ya fi gidan rediyo nisan zango. Akwatin Kulu yana bakin ƙofa a ɗaure. Ita tana ciki, labule a sake. Na kifa bokiti a tsakiyar gida na hau. Na riga na rantse wa kaina ko Iya za ta yanka ni sai na kai ƙarshen shafi na biyar. Na buɗe murya yadda za ta shige labulen, na karanta cewa akwai wata yarinya mai suna Hajo, tana da sikila, kuma ba ta da kirki ko na ƙwayar gero.

Cokalin Gwaggo ya tsaya a hanya. Iya ta ce, “Mi kinka ce?”

Na yi kamar ban ji ba. Na karanta yadda Hajo take shayar da tunkiya ruwan da aka ce ta sha, har tunkiyar ta fi kowa lafiya a gidan. Na karanta yadda take zagin masu allura da Faransanci tana murmushi, su ɗauka godiya take yi. Na karanta yadda a asibitin Sakkwato ta lallaɓa ta cinye tsire tsinke uku na mai jinyar gadon kusa, ta ce kyanwa ce. Inna ta sunkuyar da kai cikin faifan wake, kafaɗunta suna rawa. Iya ta ce in sauko, sau biyu, na biyun da cikakken sunana har da na Baba. Ban sauko ba. Ban taɓa ƙin bin maganarta a gaban idonta ba sai ranar. Labulen Kulu kuwa ko motsi bai yi ba. Na fara jin cewa na sayi fushin Iya a banza. Na kai wurin ciwon, na karanta cewa kamar wuta ce ke cin ƙashin Hajo.

“Ba wuta ba ta.”

Muryar daga ɗaki ta fito. Kowa ya juya.

“Wuta ai ci take ta wuce. Wanga kamar mutum na, da guduma da ƙusa, yana bugawa cikin ƙashi. Sai shi tsaya shi huta. Kina jin shi yana hutawa, kin san zai sake, ba ki san yaushe ba. Hutun nan nashi ya hi bugun ciwo.”

Na dubi Gwaggo, wadda ta haife ta, ta yi jinyarta shekara goma sha shida, na ga a fuskarta cewa yau ta fara jin wannan. Ta ajiye kwanon furar a hankali. Ni kuwa ina kan bokiti, ban san lokacin da na ciro biro daga hijabi na soke wutar na fara rubuta gudumar ba. Na ce ta maimaita daga wurin hutun, ta yi sauri da yawa.

Muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Ta ɗaga labule ta fito, karo na farko da ta taka tsakar gida da rana tun dawowarta, ta zo ta fizge littafin daga hannuna. Ta duba, ta ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada, kuma tsiren tsinke biyar ne ba uku ba, in zan yi mata sharri in yi shi cikakke. Na ce baiwa ba ta gyara wa uwargijiya lissafi. Ta ɗaga sandar ta sauke mini a ƙwauri. Wallahi sai da na ga taurari da rana tsaka, kuma ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

Da la'asar Gwaggo ta ce ta tashi su tafi kafin masu kabu-kabu su yi tsada. Kulu ta ce ta fasa. Ta ce in ta tafi ta bar wannan maƙaryaciyar da biro ba mai duba ta, Allah kaɗai ya san abin da za a wayi gari an rubuta.

Kada ku ɗauka a nan aka tafa mini. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Iya ta tashi ta shige ɗaki, ta yi fiye da wata ba ta amsa gaisuwata, in na durƙusa sai ta kama magana da tunkiya. Baba ya hana ni taɓa wayar Inna zango guda, ya kuma sa ni tsince ruɓaɓɓiyar albasa a rumbu duk Asabar, har ƙudaje suka riƙa raka ni makaranta suna jira na a bakin aji. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne maganar Gwaggo. Kafin magariba maƙwabciyar nan ta kai sunan ciwon kowane gida a unguwa, kuma Gwaggo ta ce na tona abin da suka shekara goma sha shida suna rufewa, gobe in maganar aure ta taso wa zai manta? Har yau gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau. Ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Kulu ta ce ita ta gaji da ɓoyo, wanda zai gudu ya gudu tun yanzu. Amma ni na hau bokiti ban tambaye ta ba, kuma ita ce za ta ɗauki abin da ya biyo baya, ba ni ba. Wannan na sani, kuma tun daga ranar ban sake sakin shafi ko ɗaya ba sai ta karanta ta sa hannu.

Iya ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kuma ba na jira. Sai dai wata safiya tana fitowa da butarta ta tarar da Kulu ta tare ƙofar zaure tana shan hantsi. Ta tsaya, ta daɗe, kamar mai shirin tsallake rijiya. Sannan ta ce ke mai ƙafa uku, matsa ki ba masu biyu hanya. Kulu ta ce ai gara mai uku da mai haƙori biyu. Iya ta wuce tana ƙunƙuni, amma na ga ta goge ido da gefen zane kafin ta kai bayi.

Yanzu labarin Hajo ya kai babi goma sha biyu. Ni ke rubutawa, Kulu ke yanka, kuma ta fi mahautan kasuwa rashin imani. Da aka mayar mini da wayar na fara turawa a guruf, daga nan ya bi wayoyi ya tafi inda ban taɓa zuwa ba. Wasu sun bar karantawa, wai jarumar ba ta da tarbiyya. Amma wata yarinya daga Amarawa, wadda ban taɓa gani ba, ta turo saƙon murya tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ma tana da shi, ita ma akuyarsu ke shanye mata ruwa, kuma ta kunna wa babarta babin gudumar don ita ba ta iya faɗa da bakinta. Kulu ta saurara sau uku, sannan ta karɓi wayar ta yi mata faɗa a kan ruwan, ita da tunkiyar Iya ta kusa fashewa ta dalilinta. To wannan ne dalilina, Sadiya da Ummi, in an sake tambayar ku. Masu lafiya suna da littattafai cike da kasuwa da za su sa su kuka. Ni ina rubuta wa wadda ke kwance ne, ta buɗe ta ga mai irin halinta, da rowarta da tsoronta da bakinta, tana nan da rai a shafi na gaba.

Bayan Sallah za a yi wa Kulu aikin ƙugu a Sakkwato. Tana jin tsoro, ta gaya mini, ni ma na gaya mata ina ji, sannan muka yi faɗa a kan wa ya fi wani. Masu karatu sun dame ni da tambaya, wai Hajo za ta warke ko za ta mutu, in faɗa musu su shirya zuciyarsu. Na ce ban sani ba, kuma ba ni da niyyar ƙirƙirowa. Mun yi yarjejeniya: babin asibiti ba za a rubuta shi ba sai ta dawo ta faɗa da bakinta, ni nawa riƙe biro. Na ƙirga shafi goma a littafin na bar su fari, na nuna mata.

Ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta taɓe baki, ta ce in ƙara ashirin.